Al Ain: Garin manoman dabino da ya zama birni bai cinye gonakinsa ba

Da an ambaci Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne Dubai: dogayen benaye, kasuwar gwal, da hotunan da 'yan gayu ke zubawa a Instagram. To amma idan ka hau mota daga Dubai ka nausa kudu, cikin awa ɗaya da rabi za ka iso wani birni a kan iyaka da ƙasar Oman. Sunansa Al Ain, ma'ana idon ruwa, kuma labarinsa kacokan a kan ruwa ya ginu.

Wurin hamada ne sosai. Ruwan saman da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 100 ba, da bazara kuwa zafi kan haura digiri 40. Duk da haka mutane sun daɗe a nan, don a gindin dutsen Jebel Hafeet akwai kaburburan duwatsu masu shekara kusan 5,000.

To da me suka rayu? Da wata dabara da Larabawa ke kira falaj. Sai a nemi inda ruwa ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa kusa da duwatsu, a haƙa doguwar magudana ta ƙarƙashin ƙasa mai ɗan gangare, a riƙa sa mata bakin rijiya nan da can domin iska da yasa. Ruwa ya yi ta gangarowa da kansa har cikin gonaki, babu inji babu fetur. Tunda a rufe yake tafiya, rana ba ta shanye shi. A yankin Hili an gano irin wannan magudana mai shekara kusan 3,000. Da ruwan ya iso sai a raba shi da lokaci, kowane manomi da sa'arsa.

Nan fa gizo ke saƙar. Kafin tsakiyar ƙarnin da ya wuce magudanan sun fara cushewa, masu hali kuma suna da kaso mai tsoka na ruwan, talaka sai ya saya. A 1946 aka naɗa Sheikh Zayed bin Sultan wakilin sarkin Abu Dhabi a yankin. Lokacin babu kuɗin mai ko kaɗan. Ya tara jama'a aka yashe tsofaffin magudanai, sannan ya sauya tsarin rabon ruwa yadda ƙaramin manomi ma zai samu. Gonakin da aka yi watsi da su suka farfaɗo.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa a jere. An buɗe asibitin zamani a 1960, Abu Dhabi ta fara fitar da mai a 1962, Zayed ya zama sarki a 1966, sannan shugaban sabuwar ƙasa a 1971. A 1976 aka kafa jami'ar farko ta ƙasar, kuma a Al Ain aka ajiye ta. Shugaban ƙasar na yanzu, Mohammed bin Zayed, a garin aka haife shi a 1961. Ƙauyukan da ke zagaye da dausayi suka haɗe suka zama birni mai mutum sama da rabin miliyan.

Abin lura shi ne, da kuɗi ya zo ba a yanka gonakin an sayar a matsayin fulotai ba. An taƙaita tsayin gine-gine, shi ya sa ba za ka ga benaye masu taɓo sama irin na Dubai ba. Babban dausayin yana nan a tsakiyar gari da bishiyar dabino kusan 147,000, har gobe manoma na aiki a ciki. A 2011 hukumar UNESCO ta sa wuraren tarihin Al Ain cikin kayan gadon duniya, karo na farko ga ƙasar.

Mai yawon buɗe ido ba zai rasa abin kallo ba. Jebel Hafeet ya haura mita 1,200, kuma titin da ke murɗawa zuwa samansa ya yi suna wajen masu keke da masu son ɗaukar faɗuwar rana. A gindinsa akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Mubazzarah. Ga ganuwar Al Jahili da aka gina da laka a ƙarshen ƙarni na 19, ga gidan namun daji da aka buɗe tun 1968, ga kasuwar raƙuma inda ake ciniki ido da ido kamar yadda muka saba a kara.

'Yan ƙwallo kuwa sun san sunan. Asamoah Gyan na Ghana ya yi ta zura ƙwallaye a kulob ɗin Al Ain. A 2018 sun kai wasan ƙarshe na gasar kulob-kulob ta duniya, Real Madrid ta doke su 4-1. A 2024 suka fitar da Al Nassr ta Ronaldo, suka ɗauki kofin zakarun Asiya karo na biyu bayan na 2003.

Sai dai koren nan da ake gani yana da tsada. Rijiyoyin burtsatse sun ja ruwan ƙasa fiye da yadda ruwan sama ke mayarwa, har ya yi nisa. Yau da yawa daga magudanan falaj da famfo ake taimaka musu, kuma ana turo wa birnin ruwan teku da aka cire wa gishiri ta bututu daga gaɓar teku. Daga filin jirgin saman Al Ain ne ma jirage ke tashi suna barbaɗa gishiri a gajimare don jawo ruwan sama.

Wato dai tambayar da Zayed ya tarar a 1946 ta dawo da sabon salo: ruwa nawa ya rage, kuma wa zai fara samu, gona ko famfon gida? Idan Allah ya kai ka Dubai sarin kaya, ware yini ɗaya ka je ka ga dabinon nan da idonka.