Maganin Tsutsa da Ke Ɓoye a Ƙasar Gona

Daga cikin al'ajaban da Allah Ya ajiye a gona akwai wata ƙwayar cuta wadda ido ba ya ganinta, ba ta cutar da mutum ko dabbobinsa, alhali ita ce ajalin tsutsotsi masu ɓarnar amfani. Malaman ilmin ƙwari suna kiranta bakulobairas. Idan tsutsa ta ci ganyen da ke ɗauke da ita, bayan 'yan kwanaki sai kasala ta kama ta, ta daina ci, ta hau ƙololuwar shuka ta mutu tana reto, jikinta ya narke har fata ta fashe, wani ruwa mai duhu ya tsiyayo kan ganye, cike da miliyoyin ƙwayoyin.

Waɗanda suka tsaya a kan ganye, hasken rana yakan hallaka su cikin kwanaki kaɗan. Amma waɗanda ruwan sama ya wanke zuwa ƙasa, da yake kowacce tana lulluɓe da ɓawo mai tsare ta, sukan manne wa laka su zauna shekara da shekaru, har a wani daji na Amurka an same su da ƙarfinsu bayan shekara 41. To, ruwan da ya saukar da su shi ne kuma ke mayar da su, domin in ɗigonsa ya bugi ƙasa yakan fantsama laka a ganyen ƙasa-ƙasa, inda ƙananan tsutsotsi ke kiwo.

A nan ne hannun manomi yake shiga al'amarin. Garmar da ke kifar da ƙasa da zurfi tana binne ƙwayoyin inda ruwa ba zai iya tono su ba, zaizaya kuwa tana kwashe su ta fitar daga gona baki ɗaya.

Manoman waken suya a Barazil, tun shekarun 1980, sun riƙa tara tsutsotsin da wannan ƙwaya ta kashe, su daka su, su dama da ruwa, su fesa a gonakinsu. A ganina wannan hikima ta cancanci kulawar malaman gona a ƙasarmu, musamman tun da wata baƙuwar tsutsar masara ta bayyana a Nijeriya a 2016, ita ma kuwa tana da tata ƙwayar da ke kashe ta.