Kwinsi Jons, dattijon da ya ce kiɗa daban, kasuwar kiɗa daban

Ranar 3 ga watan Nuwamba na shekarar 2024 Kwinsi Jons ya rasu a gidansa da ke Los Anjeles, ƙasar Amurka, yana da shekara 91. Da yawa cikin masu karanta wannan fili ba su san sunansa ba, amma sun san aikinsa. Duk wanda ya taɓa gittawa ta gaban rumfar mai saida kaset a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram a shekarun 1980, ya ji muryar Maikal Jakson tana tashi, to aikin hannun wannan bawan Allah ne ya ji. Shi ne ya tsara manyan faya-fayan Jakson guda uku, na 1979 da na 1982 da na 1987. Lambar yabo ta Grammy, wadda ita ce babba a harkar kiɗan Amurka, sau 28 ya karɓe ta.

Abin da ya sa muka kawo shi wannan shafi shi ne maganganun da ya sha yi a kan sana'arsa bayan ya tsufa a cikinta. In mai awo ko mai saida atamfa ta saurare su, za ta ce ai wannan ɗan kasuwa ne.

Mene ne aikin mai tsara kiɗa?

Ku dubi makaɗan biki na garinku. Akwai mai bakin waƙa, akwai ƴan amshi, akwai mai kalangu da mai kuntuku. In kowa ya buga abin da ya ga dama a lokacin da ya ga dama, hayaniya ce za a ji. Dole a samu wanda zai ce wane ya shigo nan, wane ya dakata, ƴan amshi su ɗauka daga can. A Turai da Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta. Mai yin ta yana zama da takarda da alƙalami, ya rubuta wa kowane makaɗi rabonsa, ko da su hamsin ne, kafin a busa ƙaho ko ɗaya. Ba a ganin fuskarsa a bangon kaset. Kamar mai haɗa miya ne a gidan biki: baƙi na yabon tuwo, ba su san wadda ta auna gishiri da daddawa ba.

An haifi Kwinsi ranar 14 ga Maris 1933 a birnin Shikago, cikin unguwar talakawa baƙar fata. Ubansa kafinta ne. Uwarsa ta yi fama da taɓin hankali, aka kai ta asibiti yana ƙaramin yaro. Daga baya gidansu ya koma yankin Siyatil, a can ya kama busa ƙahon Turawa, a can kuma ya gamu da makahon mawaƙin nan Rei Carls, suna samari su biyu, suka yi abota har mutuwa ta raba. Bai kai shekara 20 ba ya shiga ƙungiyar Layonel Hamton yana busa, yana kuma rubuta musu tsari.

Shekarar da jari ya karye

A 1959 aka ɗauke shi ya jagoranci makaɗan wani wasan dandali da zai zagaya Turai. Ya zaɓo gwanaye 18, waɗanda babu kamarsu a lokacin. Wasan bai yi kasuwa ba, aka rufe shi a birnin Faris a watan Fabrairu 1960. Maimakon ya sallami mutanensa kowa ya koma gida, sai ya ce zai riƙe su, ya ci gaba da yawo da su gari gari. Wasu ma da iyalinsu suka zo. Duk inda suka buga sai a tafa, jaridu su yaba. Amma abin da ake samu a ƙofa bai kai kuɗin jirgi da masauki da abinci da albashi ba. Watanni suka shuɗe a haka, har jari ya ƙare, bashi ya hau kansa.

Har ya tsufa yana ba da wannan labari. Yakan ce suna da ƙungiyar da ta fi kowace iya kiɗa, ga su kuma suna kwana da yunwa, kuma a nan ne ya gane kiɗa abu ne guda, kasuwar kiɗa wani abu ne daban, wanda bai san bambancinsu ba ba zai daɗe ba.

Iyayenmu mata na kasuwa, wannan ba baƙon zance ba ne gare ku. Sau nawa kuka ga mai tuyar da duk layin babu mai daɗin ƙosanta, mutane na cincirindo, amma bayan wata shida ta kife kasko? Ba ta lissafa itace ba, ba ta lissafa mai ba, ta ba da bashi babu rubutu, ta ci uwar kuɗi tana zaton riba ce. Iya tuya bai hana ta karyewa ba.

Kwinsi bai tsaya kukan rashin sa'a ba. Shugaban kamfanin faya-fayai na Mercury, Irbin Girin, ya ranta masa kuɗi ya kuma ba shi aiki a ofis. Gwanin busa ya zauna kan tebur yana koyon yarjejeniya, da kason mai waƙa, da yadda ake kai faifai gidan rediyo. A 1963 ya fitar da wata yarinya mai shekara 16, Lesli Gor, waƙarta ta hau ta ɗaya a Amurka. Cikin ƴan shekaru ya zama mataimakin shugaban kamfanin, muƙamin da kusan babu baƙar fatar da ya taɓa riƙe irinsa a manyan kamfanonin Turawa kafin shi. A 1980 ya buɗe nasa kamfanin, Qwest.

Kada kuɗi su zaɓa maka kaya

To, kada mai karatu ya ɗauka dattijon cewa yake a bi kuɗi ido rufe. Rabin maganarsa ke nan muka ji. Ɗaya rabin ya samo shi ne daga wata tsohuwar malama Bafaranshiya, Nadiya Bulanje, wadda ya yi karatu a hannunta a Faris daga 1957. Abu biyu ya riƙe daga bakinta, yana maimaita su ga duk yaron da ya zo neman shawara. Na farko, sautukan da kiɗan Turawa ya ginu a kansu 12 ne kacal, babu mai ƙara na 13, don haka sai ka je ka koyi abin da magabata suka yi da su kafin ka ce kai ma ka iya. Na biyu, kiɗan mutum ba ya wuce halinsa, ba ya kuma kasa shi. Bahaushe ya riga ya faɗi, hali zanen dutse.

Daga nan ya gina tasa maganar: in ana cikin tsara waƙa aka soma tunanin nawa za ta kawo, albarka ta fice daga ɗakin. Yakan ce ka yi shiri iya ƙarfinka, sa'an nan ka bar wa Allah nasa wurin. Wato lissafi yana da lokacinsa, amma ba shi zai gaya maka abin da za ka zuba a tiya ba. Ranar da mai hatsi ya bar riba ta zaɓa masa, ranar ce yake bubbuga gindin tiya, yake haɗa tsohon wake da sabo. Zai ci kasuwar yau, amma ya saida ta gobe.

Yadda aka yi faifan Thriller ya nuna wannan. Tun farko ma manyan kamfanin da Jakson yake ciki ba su so a ba Kwinsi aikin ba, suna ganin shi mutumin tsohon kiɗan jaz ne, bai san abin da samari ke rawa da shi ba. Jakson ya nace sai shi. Da suka zo faifan 1982, sun saurari ɗaruruwan waƙoƙi don su fitar da tara. Bayan sun tara taran, Kwinsi ya ce a zauna a faɗi gaskiya, waɗanne huɗu ne suka fi rauni? Aka cire su, aka nemo wasu huɗu da suka fi su. An riga an kashe kuɗi da kwanaki a kan waɗanda aka cire ɗin, amma bai bari wannan ya rufe masa ido ba. Faifan ya fito ranar 30 ga Nuwamba 1982, kuma shi ake lissafawa a matsayin wanda ya fi kowane sayuwa a tarihi. Mai tumatir ta san wannan hukunci: guda huɗu masu ruɓa in aka ji tausayinsu, kwandon ne zai tafi.

Daren da aka ajiye girman kai a bakin ƙofa

Manyanmu ba su manta da 1984 ba, shekarar farin da ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, yunwar da a wurare da yawa na ƙasar nan aka laƙaba wa suna El Buhari. Farin bai tsaya kanmu ba, ya kai har Sudan da Habasha, inda hotunan yara masu mutuwa suka girgiza duniya. Mawaƙi Hari Belafonte ya kawo shawarar a yi waƙar neman taimako. Maikal Jakson da Layonel Rici suka rubuta ta, aka sa mata suna We Are the World, aka ɗora wa Kwinsi nauyin haɗa ta.

Ranar 28 ga Janairu 1985 da dare, mawaƙa sama da 40 suka taru a ɗaki guda a Los Anjeles, kowanensu sarki ne a gidansa. An liƙa takarda a ƙofa cewa kowa ya ajiye girman kansa a nan kafin ya shiga. Kwinsi ya riga ya san muryar kowa, ya yanka wa masu bakin waƙa ɗan guntun da ya dace da kowannensu, aka rubuta sunaye a ƙasa inda kowa zai tsaya. Wanda ya saba cika filin ƙwallo shi kaɗai, a daren nan layi ɗaya ya samu, wani ma amshi kawai. Suka kwana suna yi har gari ya waye. Abin da aka tara ya haura dalar Amurka miliyan 60. A lura, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Duk wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar ƴan kasuwa, ko ya riƙe adashin mata ashirin, ya san wuyar da ke cikin wannan. Tara mutane ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne kowa ya yarda da rabonsa, babba ya haƙura ya tsaya inda aka ce ya tsaya.

Haƙƙin mai kaya

Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafi Afirka, kuma bai kamata a ɓoye shi don ana yabo ba. Waƙar farko ta faifan Thriller ta ƙare da wani amshi da aka ɗauko daga Soul Makossa, waƙar da Manu Dibango ɗan Kamaru ya yi a 1972. Ba a nemi izininsa ba. Jakson ne ya rubuta waƙar, Kwinsi ne ya tsara faifan. Dibango, wanda shi ma haihuwar 1933 ne kuma shi ma gwanin tsara kiɗa ne, bai yi shiru ba. Ya bi haƙƙinsa har aka sasanta aka biya shi. Ya samu ne don waƙarsa tana da rajista da sunansa, yana da takardar da zai nuna.

Shi kansa Kwinsi, yana da shekara 80, ya kai magadan Jakson kotu a 2013 a kan kasonsa. A 2017 aka yanke a ba shi dalar Amurka miliyan 9.4, sai kotun ɗaukaka ƙara ta zabge mafi yawansu a 2020. Ko a nan, takardun da aka sa wa hannu tun shekarun baya su aka baje a gaban alƙali, aka bi su kalma kalma. Zumunci wuri guda, rubutu wuri guda.

Mu waiwayo gida

Yau a gidaje da yawa na Maraɗi, Tawa, Damagaram da Yamai akwai yaron da ya ce shi waƙa zai yi. Wasu iyaye sukan kore shi, su ce roƙo ne. Wasu sukan zuba masa ido har ya kwashe kuɗin shago ya kai situdiyo, waƙar ta fito, masu turi su zuba ta a salular dubban mutane, shi ko tamma bai gani ba. Ƙasar nan tana da cibiyar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai, tana da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, wato BNDA. Yaro nawa ne ya san hanyar ƙofarsu?

Alhaji, Hajiya, ba sai kun iya kiɗa za ku taimaki irin wannan yaro ba. Abin da ya karya Kwinsi Jons a 1960 shi ne abin da kuke yi kullum tun da safe: raba uwar kuɗi da riba, rubuta bashi, sanin abin da ya shiga da abin da ya fita. Ku zaunar da shi ku tambaye shi nawa ya kashe, wa ya sa hannu, sunan wa ke kan waƙar. Ku ce masa ya je ya durƙusa gaban tsofaffin makaɗan garinsu ya koyi abin da suka sani tun suna da rai. In kuma ya kawo muku waƙa tara, ku tambaye shi waɗanne huɗu ne zai iya zubarwa.

Mu kuma da ke kiran makaɗa ranar suna da ranar aure, mu riƙa yin ciniki da su a fili tun kafin a ɗaura ganga, mu biya abin da muka yi alkawari. Kari kyauta ce, ladan aiki kuwa haƙƙi ne. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.