Abin da ya kamata a bincika kafin a sauya sensar hayaƙi a katafila

Ana tsakiyar aikin hanya, tifofi sun yi layi suna jiran lodin jar ƙasa, sai wata fitila ta kama a gaban direban katafila. Kafin la'asar injin ya rage ƙarfi, aiki ya koma tafiyar hawainiya.

Makanike ya zo ya jona kwamfuta, ta nuna lamba mai alaƙa da sensar hayaƙi. Aka tura yaro kasuwa ya sayo sabuwa da tsada, aka ɗaura. Bayan kwana biyu fitilar ta dawo.

Irin wannan asara na samun masu manyan injunan gini na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Dalili kuwa shi ne lambar da kwamfuta ke nunawa tana faɗin inda aka ga matsala ne, ba abin da ya haddasa ta ba. Sau da yawa sensar lafiyarta ƙalau, gaskiya kawai take faɗa.

Me ya kawo waɗannan na'urori?

Daga shekarar 2014 Amurka da Tarayyar Turai suka tsaurara dokar hayaƙin manyan injunan da ba na kan titi ba, da matakan da ake kira Tier 4 Final da Stage IV. Turai ta ƙara da Stage V daga 2019.

Don cika sharuɗɗan, kamfanoni irin su Caterpillar da Komatsu da Volvo suka sanya matatu a salansa. Akwai DPF mai tare kunkunniya, wadda injin ke ƙone ta lokaci-lokaci da zafin da ke kai wa wajen digiri 600. Akwai kuma SCR, inda ake fesa ruwan AdBlue don rage gubar da ake kira NOx.

Sensa-sensa ne ke kai wa kwamfutar injin rahoton abin da ke faruwa a cikin salansar: masu auna zafi, da mai auna toshewar DPF, da masu auna NOx a mashiga da mafitar SCR, da mai duba ingancin AdBlue a tanki. Idan rahoton ya saɓa, kwamfutar kan rage ƙarfin injin mataki-mataki da gangan, har sai an gyara.

A karanta lambar gaba ɗaya

Injuna da dama na amfani da tsarin J1939, inda lamba ke da ɓangare biyu. SPN na nuna wurin, FMI kuma na nuna irin matsalar.

Misali, SPN 3216 sensar NOx ce ta mashiga, 3226 ta mafita, 3251 kuma ta toshewar DPF. Idan FMI ya nuna 3, wuta ta yi yawa a layin. Idan 4 ne, ta yi ƙasa. Lamba 5 na nuna layi ya yanke, 9 kuma saƙo ne ba ya isowa a kan lokaci.

Duka waɗannan huɗun sun fi karkata ga wayarin da soket. Don haka a rubuta lambobin da sa'o'in aikin injin kafin a goge komai, domin gogewa na tafiya da shaidar da za a bi.

Wayarin da batir tukuna

Katafila na yini cikin girgiza da ƙura da zafin salansa. Waya kan goge a jikin ƙarfe, soket kan sha ruwa ya yi tsatsa, ɓera kan ci roba idan injin ya daɗe a ajiye.

A duba batir da altaneta da fiyus. Sensar NOx na da ɗan akwatin lantarki nata da abin ɗumama ta, kuma raunin wuta kaɗai na iya sa ta daina magana da kwamfuta.

Mita ta hannu na warware abubuwa da yawa. Sensar toshewar DPF yawanci na karɓar bolt 5. Layin saƙo na CAN kuwa, idan an cire batir, ya kamata ya nuna kusan om 60. Idan ya nuna 120, akwai yankewa a layin ko kuma ɗaya daga cikin resisto biyu na ƙarshensa ya mutu.

Gwajin safiya

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Bayan injin ya kwana a kashe, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a duba abin da kwamfuta ke karantawa.

Duk masu auna zafi su nuna kusan zafin gari. Wadda ta yi nisa da 'yan'uwanta ita ce abin zargi, ko ita ko wayarta. Mai auna toshewar DPF kuma ta nuna kusan sifili, tunda babu hayaƙin da ke wucewa.

Ita wannan sensar na da siraran bututu biyu. Idan kunkunniya ta toshe su ko sun tsage, za ta ba da rahoton ƙarya alhali ba ta lalace ba. Haka ma huji ko sakin mahaɗa a salansa kan rikita karatun sensar NOx.

Man dizal da AdBlue

Nan ne matsalar ta fi shafar yankinmu. An ƙera injunan ne don dizal mai ƙarancin salfa: kashi 15 cikin miliyan a Amurka, 10 a Turai. Ma'aunin da ECOWAS ta amince da shi a 2020 kashi 50 ne, wato ya zarce abin da injin ke so, balle man da aka gauraya da kananzir ko aka sayo a jarka.

Salfa mai yawa na kashe sinadaran matatun. Baƙin mai ma sai mai ƙarancin toka, irin CJ-4 ko CK-4. Nozul mai zubar da mai da matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe na ƙara hayaƙi, DPF ta cika da wuri.

Shi kuma AdBlue haɗi ne na yuriya mai tsafta kashi 32.5 cikin 100 da tataccen ruwa. Zafin da ya wuce digiri 30 na rage masa kwana, don haka jarkar da ta yi watanni a rana abin tuhuma ce. Ƙara masa ruwan rijiya ko jiƙa takin yuriya na gona na lalata SCR. Ana auna ƙarfinsa da ƙaramar na'urar rifraktomita.

A kuma cire bakin feshin a duba ko farin gishiri ya daskare a kai. Lambar SPN 4364, mai nuna SCR ba ta aiki yadda ya kamata, sau da yawa daga nan take tasowa. Sensar mafita kan ɗauki amoniya a matsayin NOx, don haka feshin da ya wuce kima ma na iya sa ta nuna guba ta yi yawa.

Idan sensar ce fa?

Sensa na mutuwa, musamman ta NOx da ke aiki cikin tsananin zafi. Idan an tabbatar, a sayi mai lambar da ta dace da injin, a kiyayi jabu. Wasu injunan na buƙatar a sanar da kwamfuta an yi sauyi, ta manhajar kamfani irin Cat ET ko Cummins INSITE, kafin ƙarfi ya dawo.

Wasu kan zaɓi a fasa matatun a rufe bakin kwamfuta. Hakan laifi ne a Amurka, kuma a 2012 hukumar binciken cutar daji ta WHO ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa kansa. Direba da leburori ne za su shaƙe shi. Wasu kamfanonin na da tsarin sauya injin a hukumance don ƙasashen da mansu ke da salfa, kuma ta hannun dilansu ake yi.

Mai shirin sayen katafila ta hannu ya duba takardar hayaƙin da ke manne a jikin injin, ya san matakin da aka ƙera shi a kai, sannan ya tambayi kansa inda zai riƙa samun man da ya dace kafin ya biya kuɗi.