Marayan Rabbi da Ya Zama Jakada

Mutane da yawa ba su bambanta rabbi da damisa, domin dukansu masu ɗige-ɗige ne a jiki. Amma rabbi siriri ne, mai dogayen ƙafafu da ɗan ƙaramin kai, kuma yana da baƙin zane da ya sauko daga idanunsa zuwa gefen baki kamar sawun hawaye. A doron ƙasa babu dabbar da ta kai shi gudu, gama yakan yi kilomita 100 a awa, ko da yake ba ya jurewa da nisa. Lissafin da masana suka fitar a 2016 ya nuna cewa kimanin 7,100 kaɗai suka rage a daji.

Ƙasar Namibiya, can kudancin Afirka, tana cikin wuraren da suka fi saura. A can galibinsu ba a gandun dajin gwamnati suke zaune ba, a filayen makiyaya suke. Shi kuwa rabbi da rana yake farauta, saboda haka shi makiyayi yake gani, kuma a kansa laifi yake faɗawa ko da kura ce ta yi ɓarnar da dare. Haka aka yi ta kama su da tarko ana harbewa. Idan aka harbe uwa kuwa, 'ya'yanta sun zama marayu ke nan.

A 1995 aka kawo wani irin wannan maraya, ɗan wajen mako 3, ba shi da lafiya, ga Laurie Marker, wata Ba'amurkiya wadda ta kafa ƙungiyar kare rabbi mai suna CCF a 1990, mai mazauni kusa da garin Otjiwarongo. Aka sa masa suna Chewbaaka.

Reno da hannu

Renon ɗan rabbi aiki ne mai cin rai. Madarar saniya ba ta karɓarsa, takan sa shi gudawa, gudawa kuwa ga jariri irin wannan hanyar mutuwa ce. Sai an haɗa masa madara ta musamman, a riƙa ba shi da bulumboti kaɗan-kaɗan, dare da rana. Ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, sai an tanadar masa ɗumi. Har fitsari da kashi ba ya yi sai an shafa masa mara da tsumma mai ɗumi, watau a maimakon lasar da uwa take yi. Kullum a auna nauyinsa, domin sikeli yakan nuna ciwo tun kafin ido ya gani.

Idan ya fara cin nama sai wata matsala ta taso. Tsoka zalla ba ta da isasshen sinadarin gina ƙashi. A daji yakan samu wannan daga ƙashi da guringuntsi da kayan ciki. Wanda aka ciyar da tsoka kaɗai sai ƙafafunsa su lanƙwashe, dabbar da aka halitta domin gudu ta zama gurguwa.

Duk da haka, ciyarwa ita ce mai sauƙin. Ɗan rabbi yakan zauna da uwarsa wajen wata 18 yana koyon yadda ake sanɗar barewa, da yadda ake kauce wa zaki da kura. Wani abu daga cikin farauta ana iya koya masa. Abin da ba ya dawowa shi ne tsoron mutum. Wanda ya sha madara daga hannu ya ɗauki ɗan Adam tamkar uwa, in aka sake shi gidajen mutane zai nufa, inda bindiga take jiransa. Shi ya sa marayun da aka samu da ɗan girmansu, aka kuma rene su nesa da mutane, su ne akan gwada mayarwa daji.

Aikin jakadanci

Chewbaaka bai koma daji ba. Ya zauna har ya mutu a 2011 yana da kusan shekara 16, abin da rabbin daji ba safai yake kaiwa ba. A tsawon wannan lokaci ya sadu da makiyaya da 'yan makaranta da baƙi masu ɗimbin yawa. Mutumin da bai taɓa ganin rabbi ba sai a tarko, yau ga shi tsaye kusa da shi yana jin gurnaninsa irin na kyanwa. Lalle wannan ba ya mayar wa kowa akuyar da ya yi hasara, amma yakan sa mutum ya tsaya ya saurara.

Da ya saurara, sai a nuna masa mafita. Tun 1994 ƙungiyar ta fara bai wa makiyaya manyan karnuka 'yan asalin ƙasar Turkiyya, waɗanda ake haɗawa da garken awaki tun suna ƙwikwiyo. Haushinsu kaɗai yakan kori rabbi, domin dabba ce mai gudun faɗa.

Gargaɗi ga jama'a

Akwai haɗari a cikin wannan al'amari. Hoton mutum rungume da ɗan rabbi yakan sa masu kuɗi sha'awar mallakarsa. Daga yankin Somaliland da kewayensa ana satar 'ya'yan rabbi ana ƙetare teku da su zuwa ƙasashen Larabawa, kuma da yawa suna mutuwa a hanya. Yarjejeniyar duniya ta CITES ta hana cinikinsa tun 1975, Nijeriya ma ta kafa dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa a 1985.

A nan yammacin Afirka rabbi ya yi ƙaranci ƙwarai, sai 'yan kaɗan a wurare irin su tsaunukan Termit a Jamhuriyar Nijar. Wanda ya tarar da ɗan naman daji kowane iri a kwance shi kaɗai, kada ya yi gaggawar ɗauka, domin sau da yawa uwar farauta ta tafi. In ya tabbata maraya ne, sai ya sanar da ma'aikatan gandun daji mafi kusa.