Yadda Ake Sabunta Horon Injiniyoyin Gyaran Jirgin Sama

Jirgin fasinja ba ya komawa sama bayan gyara sai injiniya mai lasisi ya sa hannu a takardar da ke shaida cewa an yi aikin bisa ƙa'ida. Wannan sa hannu amana ce ta rayukan duk waɗanda za su hau jirgin. Shi ya sa dokokin sufurin sama suka gindaya wa injiniyan sharuɗɗa biyu: kada hannunsa ya rabu da aiki, kuma ya riƙa komawa aji.

Tushen dokar yana wurin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada, wadda yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar. A ƙa'idarta, mai lasisi zai ci gaba da sa hannu ne idan ya yi aƙalla watanni 6 yana aikin gyara ko duba jirgi cikin watanni 24 da suka gabata, in ba haka ba sai ya sake cika sharuɗɗa. Amurka da Tarayyar Turai duk suna bin wannan ma'auni. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke ba da lasisin, kuma kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana cikin wuraren da ake yaye injiniyoyin.

Lasisin kansa rukuni-rukuni ne. A tsarin Turai, mai B1 yana kula da inji da gangar jirgi, mai B2 kuwa nasa lantarki ne da na'urorin sadarwa da na gane hanya. Bayan haka kowane samfurin jirgi yana da nasa horo. Wanda ya goge a kan Boeing 737 ba zai sa hannu a kan Airbus A320 ba sai ya yi kwas ɗinsa. Jiragen ma suna canzawa: kusan rabin nauyin gangar Boeing 787 kayan haɗi ne irin na zaren kabon, waɗanda kan iya ɓoye rauni a ciki alhali waje sumul yake, sai an bi su da na'ura kafin a gano.

Dokar Turai ta wajabta wa kamfanonin gyara su ba masu sa hannu horon ƙari cikin kowace shekara 2. A nan ake bitar sauye-sauyen littattafan gyara, da umarnin gaggawa da hukumomi suka fitar, da kurakuran da aka gano a wurin aiki. Wasu darussan haɗurra ne suka kawo su. Fashewar tankin man jirgin TWA a 1996 da gobarar da ta kayar da jirgin Swissair a 1998 sun sa an ƙara horo na musamman kan tankunan mai da wayoyin lantarki.

Darasin da ya fi taɓa kowa shi ne na raunin ɗan Adam. A watan Yunin 1990 gilashin gaban wani jirgin British Airways ya ɓalle a sama, iska ta fizgo matuƙin har rabin jikinsa ya fita waje, abokan aiki suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka. Bincike ya nuna cewa injiniyan da ya canza gilashin cikin dare ya zaɓi notuna da ido, bai duba littafi ba. Daga cikin notuna 90, guda 84 sun gaza kaurin da ake bukata da abin da bai kai milimita 1 ba.

Haɗarin da ya auku a Jidda ya fi muni. A ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin DC-8 da ke kwaso alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta bayan tashi, mutum 261 da ke ciki suka rasu. An gano cewa tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka, amma aka sallami jirgin don gudun jinkiri. A 1993 Gordon Dupont na hukumar sufuri ta Kanada ya tattara abubuwa 12 da ke jefa mai gyara cikin kuskure, ciki har da gajiya, gaggawa, sakaci saboda sabo, da kasa cewa a'a idan babba ya matsa. Yau ana koyar da su a ƙasashe da yawa.

Bin diddigin horon yana wuyan sashen kula da inganci na kamfani. Kowane injiniya yana da fayil mai ɗauke da kwasa-kwasan da ya yi da ranar da kowanne zai ƙare. Idan wa'adi ya wuce ba a sabunta ba, sai a dakatar da ikonsa na sa hannu, komai daɗewarsa a sana'ar, har ya cike gurbin. Cire ƙwararre daga bakin aiki na kwanaki yana da tsada, amma haƙƙi ne a kan kamfani ya biya, haƙƙi ne kuma a kan hukuma ta binciki fayilolin ba tare da sassauci ba.