Idan Baƙin Mai Ya Shiga Lagireto, Kada A Yi Saurin Buɗe Inji

Duk wanda ya san Kakuri da Sabon Tasha da Gonin Gora ya san aikin da a-kori-kura ke yi wa manoma. Ita ce ke kwaso masara da citta da doya ta hanyar Kachia, ta kawo su kasuwannin Kaduna. Tun 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, kuma a-kori-kurar 504 da ya fitar ta daɗe tana hidima a karkara. Daga baya Toyota Hilux mai shan man gas ta samu karɓuwa saboda ƙarfin jan kaya. To amma injin gas ba ya jure zafi. Idan ya tafasa a hanya, ga kaya a baya suna lalacewa, ga kuɗin gyara mai yawa.

Wani abu da ke yawan faruwa shi ne, direba ya buɗe murfin lagireto da safe, ya ga ruwan ya yi kauri, ya koma kamar kunun gyaɗa. Nan take sai a ce gasket ɗin kan inji ya ƙone, a kama kwance inji. Sau da yawa ba shi ba ne. Akwai wani ɗan ƙarfe da makanikai ke kira oyil kula, wato abin sanyaya baƙin mai. A yawancin injunan gas yana manne a jikin inji, kusa da filtar baƙin mai.

Ga yadda yake aiki. Baƙin mai yana bi ta cikin wasu siraran faifan ƙarfe, ruwan lagireto kuma yana zagaye su ta waje yana ɗauke zafin. Ƙarfe ne kawai ya raba su. Idan tsatsa ta huda wannan ƙarfe, ko robar bakinsa ta mutu, sai su haɗu. Lokacin da inji ke aiki, ƙarfin turin baƙin mai ya fi na ruwa nesa ba kusa ba. Don haka man ne ke kutsawa cikin ruwa. Wannan shi ya sa ake ganin mai a lagireto, alhali idan aka zaro sandar awon baƙin mai, sai a ga man da ke cikin inji garau yake, sai dai yana raguwa.

Gasket kuwa alamunsa daban ne. A tayar da mota da sanyin safiya, murfin lagireto a buɗe. Idan kumfa na ta tasowa ba tsayawa, iskar konuwa ce ke shiga ruwa. Haka kuma za a ga tiyon lagireto ya yi tauri tun inji bai yi zafi ba, farin hayaƙi na fita ta salansa, ruwa na ƙarewa ba a ga inda yake zuba ba. Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, to a fara da oyil kula.

Gwada shi ba wuya. Makanike ya ciro shi, ya toshe baki ɗaya, ya hura iska ta ɗayan, ya tsoma shi cikin bokitin ruwa, kamar yadda mai faci ke neman huji a tib. Inda kumfa ya fito, nan ne hujin. Aikin wuni ɗaya ne. Buɗe kan inji kuwa na iya ajiye mota kwana da kwanaki a gareji, kuma bayan an ɗaure, mai ya sake dawowa cikin ruwa domin ba a taɓa ainihin cutar ba. Mai mota na da haƙƙin ya nemi a yi wannan gwaji a gabansa kafin ya biya kuɗin gasket.

Bayan an sa sabo, dole a wanke lagireto da hanyoyin ruwa sau da yawa har ruwa ya fito tas. A duba tiyo kuma. Mai yana kumbura roba ya sa ta yi laushi, tana iya fashewa a tsakiyar daji.

Akwai kuma lokacin da oyil kula bai huje ba, toshewa ya yi. Allurar zafi da ke gaban direba zafin ruwa take nunawa, ba na mai ba. Saboda haka tana iya tsayawa daidai, amma mai na dahuwa yana tsinkewa. Alamarsa ita ce jar wutar baƙin mai ta riƙa ƙiftawa bayan doguwar tafiya, musamman idan mota na tsaye inji na silo.

Me ke kawo tsatsa da toshewa? Ruwan rijiya da na rafi da ake ɗurawa a lagireto. Suna barin laka da ƙanzo a cikin inji. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a galan yana da maganin tsatsa, kuma kuɗinsa bai kai na oyil kula ba.

Injin gas ya fi son zafin da ke tsakanin digiri 80 zuwa 95. Wasu na cire tamosta wai don ƙasarmu da zafi. Wannan ba magani ba ne. Inji zai daɗe bai ɗauki zafin aiki ba, ya ƙara shan mai, kuma abin da ke sa shi tafasa yana nan. Gara a duba fanbel ko ya saki, a duba murfin lagireto ko robarsa ta mutu, a wanke ƙurar hunturu da ƙaiƙayin da suka toshe fuskar lagireto kafin zafin watan Maris da Afirilu ya shigo.

Idan allura ta hau ja a hanya, a tsaya a gefe, a kashe mota. Kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, domin ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, yana iya fesowa ya ƙona fuska. Kada kuma a sheƙa ruwan sanyi a inji mai zafi, kan injin na iya tsagewa.