Ƙarfen da ke shawagi a bakin Fasiyus

A watan Disamba, in hazo ya lafa, mai zaune a Matameye bayan sallar isha'i zai ga Kaza da Ƴaƴanta ta hau sama sosai. A ɗan arewa da ita akwai wani gefen sama da ido ba ya ganin komai sai ɗaiɗaikun taurari. Can bayansu ne rukunin Fasiyus yake, taron dubban galaksi, kowace ɗauke da biliyoyin taurari. Haskensa yakan yi shekara kusan miliyan 240 a hanya kafin ya iso mu.

Sai dai taurarin su ne ƙaramin kaso na nauyin wannan taro. Mafi yawansa wani ɓoyayyen abu ne da ba ya haske, wanda Fritz Zwicky ya fara zargin samuwarsa a 1933. Sauran kuwa iskar gas ce mai zafin digiri miliyoyi gommai, wadda ta cika tsakanin galaksi, kuma ta fi taurarin duka nauyi ninki-ba-ninki. Saboda tsananin zafi, hasken da take fitarwa irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi ne a asibiti. Iskar duniyarmu tana shanye shi, dole sai an kai na'ura sama. Tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe wa wannan aiki, Uhuru, daga gaɓar tekun Kenya aka harba shi ranar 12 ga Disamba 1970.

Tsakiyar rukuni ba ta da wuyar gani. Taurarin ɗan'adam Chandra na Amurka da XMM-Newton na Turai, da aka harba a 1999, sun ɗauke ta dalla-dalla. Wahalar tana baki-baki. Can gas ya yi shara-shara, kuma duk sa'ad da kaurinsa ya ragu sau 10, haskensa sau 100 yake raguwa, har ya nutse cikin hayaniyar na'urar kanta. Amma a nan ne rukunin yake ci gaba da girma, yana zuƙo sabon gas daga waje.

Suzaku, na Japan, wanda ya yi aiki daga 2005 zuwa 2015, shi ya buɗe wannan ƙofa. Ƙaramar na'ura ce, hotonta ma bai kai na Chandra kyau ba. Sa'arsa ita ce ya yi ta zagaye kusa da ƙasa, inda maganaɗisun duniya ya kare shi daga ɓarɓashin sararin samaniya, shi ya sa hayaniyar na'urarsa ba ta yi yawa ba. A 2011 Aurora Simionescu da abokan aikinta suka auna bakin Fasiyus, suka tarar lissafi ya ba su gas fiye da kima. Fassararsu ita ce gas ɗin a dunƙule yake, curi-curi, kuma curin ya fi haske, shi ya sa awon ya kumbura.

A ganina sakamakon 2013 ya fi ban mamaki. Norbert Werner da tawagarsa sun duba ɓangarori 8 na rukunin, suka ga ƙarfe a barbaje daidai wa daida har bakin iyaka, kimanin kashi ɗaya bisa uku na yawansa a Rana. Ƙarfe kuwa a cikin taurari ake ƙera shi, fashewarsu ke watsa shi. Da galaksin da ke wurin yanzu ne suka zubo shi, da ya taru inda suka fi cunkoso. Ƙurar da ta rufe Matameye da Kance da Daura bai ɗaya ai ba daga sharar tsakar gida ta tashi ba, iska ce ta ɗauko ta daga nesa. Haka Werner da tawagarsa suka yanke cewa an watsa ƙarfen nan fiye da shekara biliyan 10 da suka wuce, tun rukunin bai haɗu ba.

Maganar curi dai har yau ana jayayya kan yawansa, domin Suzaku bai iya rarrabe su ɗaya-ɗaya ba. XRISM da Japan ta harba a Satumban 2023 ya fi ƙwarewa wajen auna gudun gas a wurare masu haske. Bakin rukuni sai ya jira NewAthena na Turai, wanda ba a sa ran tashinsa kafin ƙarshen shekarun 2030.